Rimini Blu na Bitossi: me ake saya, me ake dubawa kafin a biya

Duk wanda ya fara bin kasuwar tangaran Italiya na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da zai fi cin karo da shi shi ne wani shuɗi mai zurfi da ake kira Rimini Blu. Akwai tulun fure, kwano, mazubin toka, gindin fitila, ga kuma dabbobi: kyanwa, doki, mujiya, kifi, tsuntsu, kowanne jikinsa cike da jerin ƙananan tambura. Kamfanin Bitossi ne ke yin su a Montelupo Fiorentino, ƙaramin gari a yankin Toskana, yamma da Fulorans, inda kogin Pesa ke shiga Arno. Tun 1959 ake gasa su, kuma har yau ba a daina ba. Saboda haka a kasuwa za ka tarar da abu biyu masu suna ɗaya da siffa ɗaya, wannan ya haura shekara 60, wancan bara ya fito daga wuta, ga kuma na uku da ba na Bitossi ba ne sam, kama kawai ya yi.

A ganinmu kaya ne mai kyau ƙwarai, kuma ya ci kuɗinsa, matuƙar an saye shi a matsayinsa na gaskiya: aikin masana'anta ne wanda hannu ya ƙarasa. Kayan ado ne, ba na abinci ba, ba na riƙe ruwa ba. Wanda ya biya masa kuɗin aikin mutum ɗaya da babu irinsa, an yi masa tsada.

Guido Bitossi ne ya kafa kamfanin a 1921, amma mutumin da ya ba shi wannan fuska shi ne Aldo Londi, ɗan Montelupo, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 2003. Yana ɗan shekara 11 ya fara taɓa yumɓu a masana'antar Fanciullacci da ke garin. Yaƙi ya kai shi Afirka ta Kudu a matsayin fursuna, da ya dawo kuma ya zama shugaban sashen zane na Bitossi a 1946. Abu biyu suka taimake shi. Na farko, iyalin Bitossi sun kafa Colorobbia, kamfanin haɗa launi da ruwan gilas na tangaran, don haka kayan gwaji na hannunsa. Na biyu, kasuwar Amurka ta buɗe. Baje kolin kayan hannun Italiya mai suna Italy at Work, wanda aka buɗe a gidan tarihi na Brooklyn a 1950 ya zaga biranen Amurka, ya sa masu saye sun waiwayo, sannan dillalai irin su Raymor da Rosenthal Netter na New York suka riƙa yin oda da yawa. Irving Richards na Raymor ne ma ya haɗa mai tsara siffar kaya Ettore Sottsass da Bitossi a 1955. Wannan ciniki da Amurka ne dalilin da ya sa tsofaffin Rimini Blu suka cika kasuwannin gwanjo na Amurka, kuma shi ya sa a gindinsu aka rubuta Italy da Turanci maimakon Italia: dokar kwastan ta Amurka ce ta wajabta rubuta ƙasar asali da Turanci.

Ɗauki tulu ɗaya ka juya shi a hannu kusa da taga. Abin da za ka fara ji shi ne nauyi, ya fi yadda ido ya zata, domin bangonsa na da kauri. Kifa shi ka shafa gindin da babu ruwan gilas: yana da kaushi, da ƙananan ƙwayoyi kamar tsakuwa a ciki. Dakakken gasasshen yumɓu ne aka cuɗa a ƙasar, dabarar da maginan tukwanenmu suka sani da daka tsingaro su zuba a yumɓu don kada tukunya ta dare a wuta. Yana rage ƙanƙancewa wajen bushewa, kuma yana sa bango mai kauri ya bushe ciki da waje tare. Yanzu dubi jerin tamburan: da'ira, tauraro, ɗan gicciye, ganye, alwatika, layi a tsaye. Bi jeri ɗaya da ido har ka zagayo inda ya fara. A na gaske, za ka ga inda mai aikin ya matse tambura biyu na ƙarshe don su shige, ko ya bar ɗan fili. Wani tambarin ya nutse sosai, na kusa da shi ya ɗan karkata. Da ƙananan sanduna masu siffa a baki ake danna su ɗaya bayan ɗaya, lokacin da yumɓun ya sha iska ya yi tauri kamar fata amma bai bushe ba. Idan an yi gaggawa yana da danshi, gefen tambarin zai saki ya zama kamar an taka laka. Idan an makara, gefen zai tsattsage. Tambari mai kaifin gefe alama ce ta an kama lokacin daidai, kuma ita ce farkon abin da ke raba mai kyau da matsakaici.

Amma duk wannan dannawa don launi ake yin ta, kuma a nan ne ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa yake. Bayan gashin farko, ana shafa launi, a rufe da ruwan gilas, wato garin gilashi da ake damawa da ruwa, wanda idan ya narke a wuta yake zama wannan fata mai sheƙi. Irin wannan tangaran na ƙaramar wuta ne, wajen digiri 950 zuwa 1050 a ma'aunin Salshiyos. Idan gilashin ya narke, gangarawa yake yi: ya taru a ramin tambari ya yi duhu kamar baba a karofi, ya yi siriri a kan tudu ya yi haske, har wani lokaci ƙasar ta leƙo ta ƙarƙashinsa. Shi ya sa tulu ɗaya ke nuna shuɗi kala huɗu ko biyar, da ratsin kore, da wani ɗan shunayya a wasu wurare. A ilimin haɗa ruwan gilas, sinadarin kobal ne ke ba da shuɗi mai duhu, kuma ƙarfinsa ya kai kashi 1 cikin 100 ya isa. Idan aka haura kashi 2 ya fara komawa baƙi. Tagulla kuwa, kashi 2 zuwa 3, tana ba da shuɗin teku mai haske idan gilashin na da gishirin soda ko na toka da yawa, tana ba da kore idan mai darma ne. An raɗa wa waɗannan kaya sunan Rimini, garin bakin teku a gabar Adiriyatik, kuma mai kyau daga cikinsu da gaske yana kama da ruwa mai zurfi da rana ta ratsa.

Marar kyau kuma ana gane shi nan take. Idan an labta gilashin fiye da kima, ya cike tamburan, sai ka ga tulu sumul da inuwar zane a ƙasa. Idan ya yi kaɗan ko wutar ba ta kai ba, fuskar za ta bushe, launin ya zama ɗaya daga sama har ƙasa kamar fentin ƙofa. Duka biyun suna fitowa daga masana'antar, na gaske ne, amma bai kamata a biya musu kuɗin mai kyau ba. Kada lamba ko takardar da ke gindi ta rufe maka ido daga kallon fuskar.

Aibin da aka fi tambaya a kai shi ne ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo a cikin gilashin. Dalilinsa biyu. Gilashi mai yawan soda yana ƙanƙancewa fiye da yumɓun da ke ƙarƙashinsa idan suna hucewa, sai ya ja ya tsage. Ke nan abin da ke ba da wannan shuɗin teku shi ne kuma ke kawo tsagar. Sannan yumɓun ƙaramar wuta yana shan danshin iska a hankali cikin shekaru, yana ɗan kumbura, gilashin kuwa ba ya miƙewa. Don haka saƙar gizo a tsohon tulu ba lahani ba ce da za ta hana saye. Abin gudu shi ne tsagar da ta ratsa jikin yumɓun kansa. Ana gane ta da layi ɗaya mai tsawo, yawanci daga baki zuwa ƙasa, wanda ake gani ciki da waje a wuri guda. Haska tocila a ciki ka duba. Ka kuma ɗora tulun a tafin hannu ka ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye yana da amo gajere mai tsabta, tsagagge yana yin kaf-kaf kamar fasasshiyar ƙwarya. Kada ka jira ƙarar ƙararrawa irin ta faranti, wannan yumɓu ba ya yin ta ko yana da lafiya.

Maganar ruwa tana bin wannan. Yumɓun da aka gasa a digiri 1000 bai toshe ba, yana tsotsar ruwa kamar randa, abin da ke sa randa sanyaya ruwa ke nan. Ya bambanta da tangaran babbar wuta, na digiri 1250 zuwa sama, irin wanda Ladi Kwali ta yi a cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, Suleja ta yanzu, a daidai waɗannan shekaru, wanda jikinsa ke komawa kamar dutse. A Rimini Blu gilashin ciki ne kaɗai ke tare ruwa, idan ya tsattsage kuwa ruwa zai bi ta nan ya jiƙa gindin, ya bar da'ira a kan tebur, daga baya farin gishiri ya fito yana ɗaga gilashin. Maganin abu ne mai sauƙi: a sa kwalba ko yankakkiyar gorar roba a ciki, fure ya sha ruwa a can. Kwanonin kuma kada a zuba musu abinci. Ruwan gilas na ƙaramar wuta a shekarun 1950 da 1960 sau da yawa yana ɗauke da darma, kuma abu mai tsami, lemon tsami, tsamiya, zoɓo, miyar tumatir, shi ne ke fiddo ta. Makulli ko alawa mai leda ba komai.

Ɓantara a baki, a kunnen kyanwa, a wutsiyar doki ko bakin tsuntsu abu ne da ya zama ruwan dare, domin gilashin yana da tauri, yumɓun ƙarƙashi kuwa mai taushi ne, ƙaramin bugu sai ya ɓalle da ɓawo. Ƙaramar ɓantara a gindi, inda ido ba ya kaiwa, ba ta rage daraja sosai. Gyaran da aka ɓoye ne matsala, kuma wannan shuɗi mai kala-kala yana ɓoye gyara fiye da kowane launi. Hanyar dubawa: a ɗaki mai duhu a haska tocilar da ake duba jabun kuɗi da ita, mai lamba 365, gam da fentin gyara sukan yi wani haske daban da na gilashin asali. Sannan a taɓa wurin da leɓe ko bayan yatsa: gilashi sanyi gare shi, gyara kuwa ɗumi-ɗumi kamar roba. Idan mai kaya ya yarda, a ɗan goga auduga mai ruwan goge farce a wurin. Gilashin gaske ko gezau, fenti kuwa zai bi audugar. Wanda ke saye daga nesa ya nemi hoton baki daga sama, hoton gindi, da hoton kowane kunne da wutsiya a hasken rana. Mai sayarwa da ya ƙi turo hoton gindi, a bar masa kayansa.

Gindin ma ba kullum yake faɗin gaskiya duka ba. Da yawa daga tsofaffin ba su da sunan Bitossi ko kaɗan, lambobi ne kawai da aka rubuta da buroshi da baƙin launi, da kalmar Italy, wasu ma babu komai saboda takardar da aka manna ta faɗi tuntuni. Inda takardar Raymor ta tsira, akan sami haruffa uku da aka rubuta da hannu kusa da lambar: BIT na nufin Bitossi, BAG na nufin Alvino Bagni, wanda masana'antarsa ke Lastra a Signa, 'yan kilomitoci daga Montelupo. Daga shekarun 1970 ana samun sunan Flavia, shi ma Bitossi ne. Na yanzu kuwa suna ɗauke da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro. To ka ga rashin suna ba ya nuna jabu, kuma kalmar Italy kaɗai ba ta nuna Bitossi. Bagni da Fanciullacci da wasu maƙwabta sun yi shuɗaye masu tambura don kasuwa ɗaya, wasunsu ma kyawawa ne, laifin kawai a sayar da su da sunan da ba nasu ba. Tulunan Jamus ta Yamma irin na kamfanin Scheurich sun fi sauƙin rabewa: lambobinsu a jikin zubin suke, sun taso sama, lambar siffa da tsawo a santimita, kamar a ce 517-30. A kwaikwayon da aka zuba zane da komai a cikin mazubi, kowane tambari daidai yake da ɗan'uwansa, gefensa a daddaɗe, jerin kuma yana haɗuwa ba tangarɗa. Wannan daidaito da ya wuce kima shi ne ke tona shi.

Tsoho ko sabo? Sabon da kamfanin ke yi yau ba jabu ba ne, daga gari ɗaya yake, da siffofin Londi, kuma da hannu ake danna tamburan. Amfaninsa a fili yake: babu ɓoyayyen gyara, babu shakkar asali. A idonmu dai launin sabo ya fi zama bai ɗaya, tsoho kuma ya fi sauye-sauye daga tulu zuwa tulu, a cikinsa ake samun mafi kyau da mafi muni. Wanda yake son kyanwa ɗaya a kan tebur ya huta, ya sayi sabo. Wanda ke da haƙurin duba goma ya zaɓi ɗaya, tsohon zai fi biya masa buƙata. Rimini Blu ya haura siffa 150, kuma ba duka ne suka yi daidai da wannan ado ba. Tuluna masu miƙaƙƙen jiki da manyan kwanoni su ne suka fi nuna shi, saboda jerin tamburan na samun fili. A ƙananan dabbobi wani lokaci adon yakan yi wa jikin yawa. Doki da mujiya sun fi ɗaukarsa.

Fitilu na buƙatar kulawa ta daban. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka an haɗa su ne don wutar volt 120, alhali ta Najeriya da Nijar da Italiya 220 zuwa 230 ce, kuma mazaunin ƙwan Amurka daban yake da namu. Wayar shekara 60 ma ta bushe. A sauya waya, mazaunin ƙwai da filogi gaba ɗaya. Wajen mayarwa ne ake ɓarna: akwai dogon bututun ƙarfe da ya ratsa tulun, da noti a ƙasa, idan aka ɗaure shi da ƙarfi sai gindin ya tsage kamar tauraro. A sa ɗan zoben roba tsakanin noti da yumɓu, a ɗaure da hannu, a ƙara kwatan juyi da sifana, a tsaya. A kuma dubi ramin wayar. Wanda aka huda a masana'anta kafin gashi gefensa sumul ne, sau da yawa gilashi ya ɗan gangara ciki. Wanda aka huda daga baya da injin huji gefensa a ɓantare yake, yumɓu tsirara, ma'ana tulun fure ne aka mayar fitila, kuma darajarsa ta ragu.

Ramukan tamburan matattarar ƙura ce, musamman da hunturu. Busasshen buroshin fenti mai laushi sau ɗaya a mako ya isa. Idan datti ya kama, ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun wanke-wanke, da tsohon buroshin haƙori, a wanke da sauri, a ɗauraye, a bar shi ya sha iska kwana biyu. Kada a jiƙa shi ya kwana, kada a zuba ruwan zafi, kuma kada a kusantar da bilic: yana shiga ta tsage-tsagen, ya bushe ya zama gishiri a ƙarƙashin gilashin, bayan watanni ya fara tunkuɗo shi. A manna ɗan ƙyalle mai kauri a gindi, don kaushinsa na karce katako da gilashin tebur.

Yana da kyau mai saye ya san inda wannan kaya ya tsaya cikin tsaransa, don dillalai sukan jera su wuri guda. Guido Gambone, wanda ya taso a Vietri sul Mare ya koma Fulorans a 1950 ya rasu a 1969, gilashinsa mai kauri ne kamar an kwarara kindirmo, da zanen hannu a sama, alamarsa kuma ɗan jaki ne a gindi. Marcello Fantoni, da ya buɗe ɗakin aikinsa a Fulorans a 1936, yana da mutum-mutumi masu kusurwa da gilashi mai kumfa, da sa hannunsa a rubuce. Carlo Zauli na Faenza ya koma babbar wuta da farin gilashin da aka san shi da shi. Abin da Lucio Fontana ya gina a Albisola kuwa kasuwar zane-zane ce ke sayensa, ba ta kayan ɗaki ba. Waɗannan kowane guda da fuskarsa, kuma kuɗinsu ya ninka. Rimini Blu an yi shi ne dubbai, kuma ba kowanne ne ya bi ta hannun Londi ba; shi ya tsara, ma'aikata suka danna. Idan talla ta ce da wuya a samu irinsa, a bincika lambar siffar, sau da yawa za a ga 'yan'uwansa da dama a kasuwa a mako guda. Mai son tantance siffa da idonsa, kamfanin ya buɗe gidan adana kayan tarihinsa a Montelupo a 2021, da kaya wajen 7000, har da jerin Seta da Sahara da ayyukan Sottsass.

Saura jigila, inda aka fi asara. Nauyin kayan ne ke karya shi a hanya. A nemi mai sayarwa ya naɗe kunne, wutsiya da wuya daban kafin ya naɗe jiki, ya cusa takarda a cikin tulu, ya sa a kwali na farko yadda ko an girgiza ba ya motsi, sannan ya sa wannan a kwali na biyu da aƙalla santimita 5 na abin cushe ta kowane gefe. Fitila a kwance mata bututu da mazaunin ƙwai tukuna. Kada a haɗa abu biyu masu nauyi a ƙaramin kwali ɗaya. Idan kaya ya iso, a ɗauki hoton kwalin kafin a buɗe, a ci gaba da ɗauka ana buɗewa, domin sau da yawa kamfanin inshora ba ya sauraron ƙorafin da babu hoton kwali a tare da shi.